Wandon Komawa Injin Casa

Ɗahiru mutumin Ba'awa ne, amma a Tudun Wada ya yi wayo, a gindin injin casar shinkafa na Alhaji Abdulganiyu. Tun yana saurayi ba ya sa komai wurin aiki sai wandon jins, domin ya taɓa gani da idonsa yadda bel ɗin inji ya fizgi gefen rigar wani ya maka shi da ƙasa.

Ba injin ne ya raba shi da ƙafarsa ba. A hanyar Doguwa ne, yana dawowa daga ta'aziyya a kan babur, wata motar itace ta kwashe shi. Aka yanke ta hagu daga ƙasan gwiwa. Ya daɗe a kwance, matarsa Hasiya tana riƙe da gidan da ɗinkin kayan mata. Da 'yan'uwa suka haɗa hannu aka yi masa ƙafar roba a Kano, ya koyi tafiya a tsakar gida, sannan a lungu, cikin wandon kaftani mai faɗi da ke rufe komai. Tsofaffin jins ɗinsa babu wanda yake wuce bakin ƙafar robar, inda dungun ke shiga, don wurin ya fi gwiwar mutum kauri.

Da kaka ta yi, ya je ya durƙusa gaban Alhaji ya roƙi a mayar da shi aiki. Alhaji ya ce aikin akwai hawa, akwai doguwar tsayuwa, kuma shi ba ya son a ce a wurinsa aka ƙarasa mutum. Daga ƙarshe ya ce ya zo ranar Asabar da safe a gwada shi. In ya iya shi ke nan, in bai iya ba kada ya sake tayar da maganar.

"Kuma kar ka zo mini da wannan buhun wandon," in ji Alhaji.

Ranar kasuwa Ɗahiru ya nufi rumfar Hamidu mai gwanjo, wanda ya saba saye a wurinsa. Hamidu ya ce ya zo a kan gaɓa, ya zaro wani wando daga sabuwar dilar da ya fasa. Baƙi ne shuɗi-shuɗi, mai tauri kamar tamfol, ko sau ɗaya ba a taɓa sa shi ba. Ya naɗe ƙafar wandon ya nuna masa ɗinkin gefe ta ciki: bakin yadin fari ne da jan zare, a saƙe yake tun daga masaƙa, ba yanka aka yi ba. Ya ce irin wannan sai mutum ya gaji da shi. Amma ɗanye ne, bai taɓa shan ruwa ba, ranar da aka fara wanke shi zai tsuke a ƙugu da cinya da tsayi. Saboda haka ba a bin lambar da ke jikinsa, sai an auna mutum, a ƙara masa sarari. Ya ɗauko tef ya ce ya ɗan ɗage wandonsa ya auna gwiwar.

Rumfar cike take da mutane, har da ma'aikatan Alhaji guda biyu suna zaɓen riguna. Ɗahiru ya ji duk idanun kasuwar a kan ƙafarsa. Ya ja da baya ya ce talatin da biyu yake sawa tun fil azal, ba sai an auna shi ba. Hamidu ya ce akwai mai talatin da huɗu a dilar, shi ya fi dacewa. Ɗahiru ya murtuke fuska, ya naɗe na farkon ya tafi.

A gida wandon ya shiga da ƙyar. Ya wuce bakin ƙafar robar, amma ko yatsa ba zai shiga tsakani ba. Bai gaya wa Hasiya abin da Hamidu ya ce ba. Ita kuwa da ta taɓa yadin ta ji taurinsa, sai ta tuna yadda dungun ke saɓulewa in abu ya goge shi. Ranar Juma'a yana masallaci ta jiƙa wandon a ruwan zafi, ta cuɗe shi sosai don ya yi laushi, ta shanya a rana.

Da safiyar Asabar ya zura ƙafar dama lafiya. Ta hagu ta tafi har gwiwa ta tsaya. Ya ja, ya sake ja, gumi ya keto masa. Ya taƙarƙare ya fizga, sai ƙafar robar ta kwance daga dungun ta maƙale a cikin wandon, shi kuma ya faɗi gefen katifa. Daga nesa an fara jin ƙarar injinan gari suna tashi.

Hasiya ta shigo ta gan shi a ƙasa, ta dubi wandon, ta gane abin da ya faru. Ta fara ba da haƙuri. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya rufe, ya kifa kansa a gwiwa. Can ya ce ta aika a gaya wa Alhaji ba shi da lafiya.

"Baban Husna, ba zan aika ba," ta ce. "Miƙo mini wandon."

Ta ɗauko reza ta fara farke ɗinkin gefe daga ƙasa. Yana kallonta yana jiran yadin ya warware ya lalace. Bai warware ba, wannan saƙaƙƙen bakin mai jan zare ya buɗe sumul har sama da gwiwa, ƙafar robar ta fito. Ta yanko ƙyalle daga wani tsohon jins ɗinsa ta ƙara a tsakani, ta hau keken ɗinki. Yadin ya karya mata allura, ta canza. Ɗahiru ya mayar da ƙafarsa yana sauraron injinan, yana ji a ransa an riga an ba wani gurbinsa.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da ya isa. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa, ya dube shi daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan ƙarin ƙyallen. Ya nuna masa tsanin ƙarfe da ake hawa a zuba shanshera a bakin inji. Ma'aikata suka daina aiki.

Ɗahiru ya saɓa rabin buhu ya fara hawa, ƙafar dama a gaba, yana jawo ta hagu. A tsakiyar tsanin tafin robar ya zame a kan ɓuntu. Buhun ya karkata, wani ya yi salati. Bel ɗin yana gudu dab da ƙaurinsa, yana jin iskarsa a jikin wandon. Ya riƙe ƙarfen har hannunsa ya yi sanyi, ya gyara tsayuwa, ya ƙarasa sama ya juye shinkafar.

Da ya sauko Alhaji ya ce ya gani, amma ba zai sake barin sa ya hau can da kaya ba. Ya ba shi ƙasa, wurin da shinkafa ke fitowa, shi ke duba fari da karyewarta yana daidaita injin. Ɗahiru ya so ya yi musu, ya fasa, domin dungun yana masa zugi kamar an zuba barkono.

Har yanzu yana wurin. Manoman Kiru da Ɗansoshiya masu kawo casa sukan tambaya ko yana nan kafin su sauke kaya. In damina ta yi dungun ya kumbura, yakan yi kwanaki bai fito ba, Alhaji kuma bai taɓa sa wani a gurbinsa ba.