Jitar Mai Filo

Aski ne sana'arsa, amma ba wanda ke ce masa mai aski. A duk layin, da Mai Filo aka san shi, saboda in za shi kiɗa, jita na rataye a bayansa, filo kuma na hammata, ga wani ɗan akwatin ƙarfe a rungume kamar jariri.

Akwatin nan feda ce ta jita, irin wadda ake takawa da ƙafa ta sauya sauti. A cikinta akwai sifirin, wata siririyar waya murɗaɗɗiya, sautin jita ya bi ta cikinsa ya girgiza shi, sai ya fito da jela mai amsa-kuwwa, kamar ana kiɗa a cikin rijiya. Tun yana saurayi ya saye ta hannun wani mai gyaran rediyo, kuma daga ranar ya daina yarda da yatsunsa su kaɗai. Kiɗansa ma ya bi halinta: ya taɓa igiya kaɗan, ya dakata, ya bar sifirin ya ƙarasa masa maganar.

Sai dai sifirin ba ya son wargi. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi, sai lasifika ta yi tsawa. Shi ya sa akwatin ke kwana a kan filo, filon ma na matarsa ne, wanda ya ara shekarar da aka haifi babbar 'yarsu, har yau bai mayar ba. Yaran gidan sun iya sanɗa kafin su iya gudu. Ko a shago, in babbar mota ta wuce, sai ya ɗaga almakashi ya leƙa ƙarƙashin teburin madubi ya ga lafiyar akwatin, mai rabin aski yana zaune yana jira.

Matarsa ba ta gajiya da tsiya. "Baban yara, ni da gwangwanin nan wa ka fi ji da shi?"

"Ke mana," in ji shi. "Amma ke in an taka ƙasa ba kya tsawa."

"Gwada ka gani."

Da girma ya fara kama shi, yatsun suka yi tauri. Sai ya riƙa ƙara murɗa maɓallin akwatin, jelar na ƙara tsawo, tana lulluɓe duk inda hannu ya kuskure. A ransa ya tabbata cewa in ba akwatin, shi ba makaɗi ba ne, tsohon mai aski ne kawai da ya rataya katako. Wannan tsoron bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai auta ta tashi aure. Ta zo shago ta zauna a kujerar aski tana jujjuyawa. "Baba, kai za ka kaɗa mini waƙar da kake mana muna yara. Ba na son ta kowa."

Ya ce, "An gama." Ya goge akwatin, ya sa aka wanke rigar filon.

Abin da bai lissafa ba shi ne zauren da aka kama don bikin. Daɓensa katako ne tun daga ƙofa har dandamali, dangin ango kuma ba su zo da wasa ba. Akwai wata gwaggon ango da Allah ya yi wa jiki, ga takalmi mai tsini. Mai Filo ya taɓa igiya, gwaggo ta taka rawa, lasifika ta yi tsawa. Ya sake, ta sake. Wani dattijo har ya leƙa taga ya ga ko hadari ne. Aka ƙaro filon kujera, aka ninke rigar wani aka sa, duk a banza. Jama'a na ta dariya, amma auta ba ta yi ba. Tana tsaye tana kallonsa, tana jiran waƙarta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya sa ƙafa ya taka fedar, 'yar fitilarta ta mutu.

Sautin ya fito tsirara. Ya kaɗa layin farko, ya dakata kamar yadda ya saba, kuma babu abin da ya biyo baya. Shirun ya yi masa faɗi. Kunya ta kama shi har wuya, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Sai ya ji jelar. Daga layin kujerun gaba ta fito, a hankali, har da 'yar karkarwar nan ta ƙarshe. Matarsa ce, bakinta a rufe, tana yin ta da hanci. Shekarun da ta yi tana wanke-wanke tana zagin gwangwani, ashe ta haddace shi kaf. Ya kaɗa layi na biyu, babbar 'yar ta shiga, sauran yayyen auta suka shiga. Duk inda ya bar gurbi, yaran da suka tashi da sanɗa suka cike masa. Yatsansa ya zame sau ɗaya, kowa ya ji, ba wanda ya damu. Auta na hawaye tana dariya, kwalliya na gangarowa.

Da aka tashi, yana naɗe waya, matarsa ta hau dandamalin ta ɗaga akwatin ta miƙa masa, ta ɗauki filon ta kakkaɓe.

"Ina za ki da shi?" ya tambaya.

"Ƙarƙashin kaina," in ji ta. "Tunda yau ni na yi aikin, ni zan kwana a kai."