Kwafi Biyu a Tagar Nélida

Shekara goma sha huɗu Nélida Huamaní ta yi a bakin taga ɗaya, tagar karɓar takardu ta wata ƙaramar hukuma a gefen birnin Huancayo. Duk mai koke, ko na ruwa ne ko na kare mai cizo, kwafi biyu zai kawo. Ta buga musu hatimi, ta rubuta rana da lokaci, ɗaya ya shige ciki, ɗaya ya koma aljihun mai shi. Abin da ke samun wanda ya shige ciki kuwa, to, wannan sai masu digiri na biyu da ke bene. Su zo da sabbin takalma, su tambaye ta ina banɗaki, kafin wata ya zagayo sun zama shugabanninta.

Shi ya sa ta nemi digiri na biyu kan tsara manufofin gwamnati, har wuri biyu, duka kuma suka ɗauke ta. Ɗaya nan cikin gari, ranar Asabar kawai, inda rabin ofis ke zuwa don a samu abin ratayawa a bango. Ɗayan a Lima, babban birnin ƙasar, shekara biyu cur, da tallafin karatu, amma sai ta bar tagar, kuma ba wanda ya yi mata alkawarin ajiye kujera. Ranar Juma'a wa'adin amsa zai cika.

Ana cikin haka mahaifinta, Don Teófilo, ya rasu ranar Lahadi.

Ba ta yi kuka ba. Ta dafa, ta raba wa masu gaisuwa, ta wanke kwanuka. Wasiƙun makarantun na kan firji, kwandon dankali ya danne su, tana wucewa kamar na maƙwabta ne.

Ranar Alhamis, kwana na biyar, dangi suka kwashi tufafin mamaci zuwa kogi don wankewa, yadda aka saba. Goggo Primitiva, ƙanwar marigayin, ta zauna kan dutse tana tauna ganyen koka, goron mutanen yankin, tana ba da umarni.

"Ke 'yar nan, lalube aljihu kafin ki jiƙa. Ubanki har ƙusa yake ajiyewa."

Nélida ta lalube kwat ɗinsa na zuwa coci. Sai ga takarda a aljihu, ninki huɗu, ta yi laushi kamar tsumma: kokensa na a gina magudana a layinsu, inda duk damina ruwa ke kwana a ɗaki. Hatiminta ne a jiki, rubutunta ne, shekara tara baya, ƙarfe goma da kwata. Ta tuna ranar. Ya bi layi kamar kowa, ya cire hula, ya ce mata "ranki ya daɗe" yana danne dariya. Har yau ba magudana.

"Mene ne?" in ji Goggo.

"Ba komai. Takarda ce."

"Ku da takarda! Da cinta ake yi, da kin fi kowa ƙiba. Wai har Lima za ki neman wata? Ga ta Asabar nan, ki je ki dawo ki ci abincin rana a gida."

"Ta Asabar takarda kawai suke bayarwa, Goggo."

"Ta Lima fa? Tunkiya suke haɗawa?"

Nélida ta tsoma kwat ɗin, ta bar hannunta cikin ruwan sanyi har ta daina jin yatsunta.

Washegari ta je ofis cikin baƙaƙen kaya. Doka ce, ko ma'aikaci ke neman izinin tafiya, sai takardarsa ta bi ta taga. Ta shiga layi bayan wata mai sayar da cuku. Wilmer, abokin aikinta, ke riƙe mata kujera.

"A'a, sarauniyar hatimi! Ba makoki kike ba?"

"Takarda na kawo."

"Kwafi biyu, baiwar Allah, ko ki koma gida."

Ta miƙa biyu. Ya karanta, dariyar ta ɗauke.

"Lima? Kin san kina juya baya ɗan ƙanwar wani zai ɗare nan?"

"Na sani."

"Kina dai murna ko?"

Ta duba cikin ranta yadda ta duba aljihun jiya, wannan karon ba ta taɓo komai ba.

"Buga, Wilmer. Akwai mutane a bayana."

Ya buga, a karkace. Ta karɓi nata kwafin, ta duba, ta mayar masa ta ƙarƙashin gilashi.

"Ba ka sa lokaci ba."

Ya rubuta tara da minti arba'in. Ta ninke takardar huɗu, ta zura aljihu kusa da ta mahaifinta, ta tsallaka titi don aika wa Lima amsa.