Ranar da Malam Ya Koma Ciyayya

Akwai abin da na san ko ƙasa ta kusa rufe idona ba zan manta da shi ba, wato yammacin da maigidana ya sake zama cikin abokan ciyayyarsa a ƙofar gidanmu da ke Fagge.

Malam tela ne. Tun da aka kawo ni gidan na tarar kullum bayan magariba sai an fitar da kwanonsa waje, su haɗu da maƙwabta, kowa da tuwon gidansa, a ci tare ana barkwanci. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, sai ya taɓa hannunsa da ƙafarsa na dama. An yi ta gashi a asibiti har ƙafa ta samu, amma yatsun suka ƙi riƙe loma. Shi kuwa ya ce ba zai ci da hagu a gaban mutane ba, ba kuma za a ba shi a baki kamar yaro ana kallo ba. Ya daina fita. Ko sallamar abokansa ya ji, sai ya ce in ce yana barci. Abincin ma ya rage ci, yana ta ramewa.

Likitansa ne ya haɗa mu da wata ma'aikaciya, mutuniyar wajen Zariya da ke zaune a Sabon Gari. Na zaci wani gashin za ta yi. Ta ce a'a, aikinta shi ne ta taimaki mutum ya koma yin abubuwan da ya saba yi da kansa, kamar wanka, sa tufafi da cin abinci, shi ya sa take son ganin gidan. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta yi tambayar da babu wanda ya taɓa yi masa a cikinmu.

"Baba, me ka fi jin kewar yi da kanka?"

Ya ce, "In ci tuwo a waje, da hannuna."

Daga nan aka fara. Ta sa na kawo ƙyallayen shagonsa, ta naɗe ƙotar cokali ta yi kauri yadda yatsunsa za su iya kamawa. Malam ya dubi naɗin ya ce aikin ɗan koyo ne, ya nuna mata yadda za ta ɗaure bakin. Ta yi dariya ta gyara. Ta ce in riƙa sassauta tuwon, in shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin kwano don kada ya zame. Abin da ya fi mini wuya shi ne da ta ce in janye hannuna. Mu a wurinmu hidima ce ka yi wa mara lafiya komai. Ta ce, "Hajiya, in miya ta zuba, bar ta ta zuba. Riga tana wankuwa."

An ɗauki watanni. Wata rana ya yi jifa da cokalin, ta ɗauko ta wanke ta ajiye a gefensa. Kafin ya fita kuma, da izininsa ta samu maƙwabtan ta roƙe su kada su taya shi, kada kuma su yi masa shirun tausayi.

Ranar da ya fita ina laɓe a soro ina saurare. Na ji ya yi sallama ya zauna. Sai babban amininsa ya ce, "To jama'a, kowa ya ɓoye namansa, ɓarawon ya dawo." Aka kwashe da dariya, har da Malam. Kwanon ya dawo mini babu komai a ciki, gaban rigarsa duk miyar kuka.

Hannun bai taɓa komawa ɗinki ba, ita ma ba ta taɓa yi mana alkawarin haka ba. Amma har ciwon ya dawo ya tafi da shi, Allah ya jiƙansa, Malam bai sake fashin ciyayya ba. Ta zo ta'aziyya, na yi ta yi mata addu'a.

Har yanzu ina aika kwano waje bayan magariba. Abin da na koya shi ne, jinya ba ta tsaya ga raya jiki ba. Wani lokacin babban taimakon da za ka yi wa naka shi ne ka tambaye shi abin da yake so, sannan ka janye hannunka ya yi da kansa.