Ranar da Ruwa Ya Bi Mai Guga

Baba Mai Guga ya shiga aiki a Babban Gida yana saurayi, ya tsufa a ɗaki guda, wanda ke bayan kicin. Dogon tebur ne a ciki da bargo a shimfiɗe, sai dutsen guga, sai igiyar shanya da ta fita ta taga. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi da ka yake amsawa, idonsa na kan wuyan riga. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya gare shi, tana aure a wani gari mai nisa, kuma a lokacin tana ɗauke da tsohon ciki, na fari. Ya riga ya gaya wa masu gida cewa da an gama bikin Magaji, ɗan farin gidan, zai bar aiki ya koma wurinta. Har akwati ya saya.

A garinmu kowane babban gida da abin da yake riƙe da shi. Wani gida wutar titi ce a hannunsa, wani shi ke hana gini tsagewa. Gidan da Baba ke wa aiki ruwa suke riƙe da shi. Ni mai gyaran famfo ne, mu muke haƙa mu binne bututu, amma ruwan da ke gudu a ciki Maigida yake bi. In yana cikin unguwa famfo na zuba, in ya ƙetare gadar da ke bakin unguwa sai ya ƙafe. Shi ya sa tun da na san Maigida ko gaisuwar mutuwa bai taɓa zuwa wata unguwa ba.

Ranar da ɗan fari ya isa mutum, akan kawo daro a tsakiyar falo. Uba ya wanke hannu a ciki, ɗa ya sa nasa, ruwa ya koma hannun ɗa. Wanda ya fara taɓa ruwan bayan uba, shi ke da shi. Kowa ya san wannan, har yaran da ke leƙe ta taga.

Magaji yaro ne mai ladabi har ya yi yawa. Uwarsa ta horar da shi kada ya zauna, kada ya ci, kada ya sha kafin babba. Ranar bikin ina tsaye a bakin ƙofa, an kira ni ko da wani abu zai fashe. Maigida ya wanke hannu ya ja da baya. Magaji ya matso, gumi ya jiƙa masa sabuwar riga. Ya ɗaga kai sai ya ga tsoho Mai Guga tsaye kusa da shi riƙe da tawul. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Baba, fara," in ji shi.

Shi kuwa Baba tun da yake bai taɓa ce wa ɗan gidan nan a'a ba. Ya rataya tawul a kafaɗa ya tsoma hannu.

Duk famfunan gidan suka kwance lokaci guda. Na ji na kicin ya buga kamar an harba bindiga.

"Me ka yi?" Baffa, ƙanen Maigida, ya daka masa tsawa.

"Cewa aka yi in fara."

"Wa ya ce?"

"Ni ne," in ji Magaji. "Ai ya girme ni."

"To ni ma na girme ka, don me ba ka kira ni ba?"

Aka zubar da ruwan, aka kawo sabo. Baba ya wanke, Magaji ya wanke. Aka ce Magaji ya umarci famfon tsakar gida ya tsaya. Ya umarta, famfo ya ci gaba da zuba. Baba ya ce cikin sanyin murya, "Don Allah ka yi haƙuri ka tsaya," ya tsaya cak. Aka sake, aka kuma sakewa, har yatsun su biyun suka yi yaushi. Baffa ya ce sai daga uba zuwa ɗa abin ke tafiya. Gwaggo, yayar Maigida, ta ce in haka ne ta yaya ya je wa mai guga? Wani ya ce a jira baɗi war haka. Wata ta ce daron ne ya tsufa. Aka juya a tambayi Maigida, sai aka tarar ya fita. Direba ya ce ya ce a kai shi ya ga ƙetaren gada. Sai yamma ya dawo da ledar lemo yana ta dariya shi kaɗai, kuma daga ranar ba a ƙara samun shi a gida da rana ba.

Aka sa wa Baba babbar riga aka zaunar da shi a kujerar falo. Mutane na zuwa suna durƙusawa suna cewa ranka ya daɗe, shi kuma yana waiwayawa ya ga da wa suke. Wani lokaci ya miƙa hannu ya shafa hannun rigar baƙo ya ce, "Wa ya goge maka wannan? Ya cuce ka."

Ruwa kuwa ya rikice kamar mai shi. Ka buɗe famfon kicin, na banɗaki ya zuba. Ka buɗe naka, na maƙwabcinka ya zuba, ku fito kuna zagin juna. In Baba ya saci jiki ya koma ɗakinsa ya kama guga, ruwan unguwa duka ya fito da zafi, mai shayin kan kwana ne kaɗai ya yi murna. Ni ban huta ba. Ana kira na gida gida, in kwance bututu in duba, lafiyarsa lau, in mayar in ɗaure. Na je na sami Baba.

"Baba, me kake gaya wa ruwan nan?"

"Mai Famfo, wallahi ban ce masa komai ba. Tunani kawai nake."

"To ka rage tunanin, gwiwata ta gaji."

"Yarinyar nake tunani. Watanta ya tsaya."

Magaji ya ɗauki maganar Baffa da gaske. Tunda sai ɗa, bari ya zama ɗa. Ya kwaso tabarma ya tare a ɗakin guga, yana yi wa Baba shara, yana koyon aiki. Ya ƙona rigar uwarsa, ya ƙona yatsa. Kowace safiya su kawo daro su gwada, kowace safiya famfo ya yi kamar bai san shi ba. Na taɓa jin shi yana tambayar Gwaggo, "To yanzu ni na girma ne ko ban girma ba?" Ta ce masa ita ma abin da take son sani ke nan.

Wata safiya aka bugo waya. 'Yar Baba ta haihu, amma ta sha wuya, tana kwance tana kiran sunansa. Bai yi shawara da kowa ba. Ya tuɓe babbar riga ya ninke ta, ya ɗauki akwati ya kama hanyar tasha. Yana dosar gada famfuna suka fara tari. Mata suka fito da bokiti a hannu, wata da kumfar sabulu har gwiwar hannu. Ina cikin rami a gefen titi, na fito. Baba ya tsaya a bakin gada, ya sa ƙafa gaba ya janye, ya sa ya janye, ruwa na zuwa yana ɗaukewa.

Baffa ya iso yana haki. "Koma gida. Unguwa guda za ka kashe da ƙishi saboda mutum ɗaya?"

Baba ya juya zai koma. An ba shi umarni, kuma ɗan gida ne ya bayar.

"Baba, tafi," in ji Magaji daga bayansu.

Tsoho ya tsaya a tsakiya, ya dubi wannan ya dubi wancan. "To wanne zan yi?"

"Kai wa ya ba ka baki?" Baffa ya ce wa Magaji. "Ko ɗigo ba ka riƙe da shi."

"Ni na sa shi a ciki. Ni zan kawo ruwan."

"Da wane hannun?"

Magaji ya karɓi akwatin ya ɗora a ka, ya raka tsoho har ya shiga mota. Kafin su sauka daga gada unguwa ta bushe ƙaf.

Ban yi zaton Magaji zai kai azahar yana kawo ruwan ba. Ya ari kurar ruwa mai jarkoki a wurin wani ɗan garuwa, ya riƙa zuwa unguwar ƙetare yana cikowa yana turowa. Ya fara da asibitin unguwa, sannan gidajen tsofaffi. Ana zagin shi yana sauke jarka. Tafin hannunsa ya fashe, ya naɗe da tsumma. Kura ta taɓa kifewa da shi a gangare, ya tashi ya koma ya sake cikowa. Wasu samari suka ji kunya suka aro tasu kurar.

Ana cikin haka wata rana da hantsi famfon mai shayi ya yi tsaki ya fara ɗiga. Kafin la'asar ko'ina na zuba, siriri amma a daidai, kowa a famfonsa. Aka yi guɗa. Baffa ya ce dama ya san haka za a yi. Aka yi wa Magaji wanka aka zaunar da shi a kujerar falo. Washegari famfo ya ƙafe. Magaji ya fito ya kama kura, bai kai kwana ba ruwa ya dawo. Aka gwada ya tura da jarkoki babu komai a ciki, famfo ya zuba. Aka ba direba ya tura, ko ɗigo.

Na buga wa Baba waya na ji ko shi ne ke yi daga can. Ya ce shi famfon gidan 'yarsa ko kallonsa ba ya yi, sai ya murɗa kamar kowa. Mai jego ta tashi, jika namiji ne, kayan jaririn yake gogewa. Ya tambaye ni wa ke yi wa Maigida guga yanzu, na ce ban sani ba, ya ce kada a bari a sa wa farar rigar nan wuta da yawa.

Har yanzu ba wanda ya fahimci abin. Gwaggo ta ce a bar shi haka kada a taɓa. Duk safiya za ka ga magajin Babban Gida ya zagaya unguwa da kura, jarkoki na ƙara a ciki, mutane na cewa ranka ya daɗe suna matsa masa hanya. Jiya ya tsaya a bakin ramina ya tambaye ni ko na san mai gyaran taya, tasa ta hagu tana sacewa. Na nuna masa.