Rahoton Ƙarfe Tara

Ina cikin shekarata ta shida ta aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a unguwar Misfala ta Makka lokacin da wayar ta shigo. Na riga na gaji, irin gajiyar da ba a faɗa wa mutanen gida, don duk wanda ka ce wa zaman Makka ya gajiyar da kai, sai ya dube ka kamar ka yi saɓo. Watan Zulƙida ne, alhazai sun fara cika unguwa, kowa da kumburarriyar ƙafarsa da tarinsa. Mai kiran wata Baturiya ce daga ƙasar Ailan. Ta ce ita 'yar ƙanen Sista ce, kuma ta sha wuya kafin ta sami lambata.

Sista ita ta koya mini aikin nan. Ta zo ƙasarmu tana budurwa, tun ba a haife ni ba, ta yi shekara arba'in da ɗoriya a asibitin mishan na garinmu. Ita ta buɗe makarantar koyon jinya da ungozoma a ɗaki ɗaya da benci uku, kuma kusan rabin garin a hannunta suka faɗo duniya. Mahaifina, wanda ko ta ƙofar mishan ba ya son bi, shi ya kai ni wurinta da ƙafarsa, ya ce addininta nata ne, amma aikinta ba algus. Ƙasarta ta ba ta lambar girma, jaridunsu suka yi ta buga hotonta, ita kuwa ta jefa lambar a aljihun tebur cikin bandeji. Ba ta da daɗin sha'ani ko kaɗan. Hausarta ta ƙauye ce, a bakin mata masu naƙuda ta koye ta, don haka ba abin da ta fi iyawa kamar faɗa.

'Yar ƙanen nata ta ce yanzu tana gidan kula da tsofaffi, gigin tsufa ya kama ta. Turancin da aka haife ta da shi ya zube, Hausa kaɗai ta rage a bakinta, kuma a duk gidan ba mai jin ko kalma ɗaya. Kullum ƙarfe bakwai na safe sai ta zauna a bakin gado tana duban agogo tana faɗa, ta ƙi abinci. Baturiyar ta roƙe ni in saurara ko zan gane abin da ke damunta, sannan ta kara mata wayar a kunne.

Na gaishe ta, na faɗi sunana da na mahaifina. Ba ta amsa gaisuwar ba.

“Ke, ina rahoto?” ta ce.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, ni da na ba hamsin baya. A wurinta haka muka tashi, kowace safiya sai an tsaya a gabanta an bi gadaje ɗaya bayan ɗaya, wane ya kwana da zazzaɓi, wance ta ci abinci, wane an sake masa bandeji. Sai kawai na ba ta rahoton marasa lafiyar da ke gabana. Tsoho mai ciwon suga da ya ƙone tafin ƙafa a kan dutsen harami, matar da rana ta buge a hanyar masauki. Ta tambaye ni ko na duba tsakanin yatsun tsohon. Ban duba ba. Ta wanke ni tas, kamar jiya muka rabu. Daga baya aka ce mini ranar ta cinye abincinta har ta nemi ƙari.

Na yi alkawarin zan riƙa kira kullum. Baki shi ke yanka wuya, don bakwai ɗinsu ita ce tara a wurinmu, daidai lokacin da layin marasa lafiya ke kaiwa bakin titi. Abokiyar aikina haifaffiyar unguwar Jarwal ce a nan Makka, kakanninta ne suka zo daga Sakkwato a ƙafa, Hausarta rabi Larabci. Da fari takan leƙo ta ce, “Ya ukti, kullum talifon? Yalla, mutane na jira.” Da na ba ta labari sai ta daina magana, tara na yi ta karɓi layina ta nuna mini ƙofa da haɓa.

Mun yi wajen mako biyar a haka, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya zame mini kaya. Wata rana sai in taƙaita, wata rana in ƙirƙiro marasa lafiya masu sauƙi don a gama da wuri. Ta manta sunan ƙasarta, amma ba ta manta aiki ba. Sau biyu tana kama ni, ta ce wannan zazzaɓin bai dace da wannan maganin ba, in koma in sake dubawa. Nakan ajiye wayar raina a ɓace, in ce ni da na tsere mata shekara ashirin, ga shi ta biyo ni har Makka.

Da kwanakin aikin Hajji suka zo aka tura mu tantunan Mina. Na yi niyyar in gaya wa 'yar ƙanen nata a shirya mata wata dabara, ban yi ba. Wanda bai yi aiki a Mina ba ba zai gane ba. Ana shigo da mutane kamar buhuna, ka zuba wa wannan ruwan sanyi, kafin ka juya an ajiye uku. Kwana biyun farko ko layin waya babu, wannan kam ba laifina ba ne. A rana ta uku akwai layi, kuma na sami hutun rabin awa daidai ƙarfe tara. Na ciro wayar na dube ta, na mayar aljihu, na tsoma ƙafafuna a bokitin ruwa. Na ce gobe ma rana ce.

Sai da na koma ɗakina a unguwar Aziziyya bayan kwana biyar, na yi barci na farka da hantsi, sannan na kira. 'Yar ƙanen nata ta ce Sista ta rasu jiya. Ba ta zarge ni ba, godiya ma ta yi ta yi, wadda ta fi mini zagi ciwo. Ta ce a kwana biyun ƙarshe akwai maganar da Sista ta yi ta maimaitawa, ta ƙi kwanciya, sai an danne ta. Ta ɗauki muryar a waya don dangi suna son sanin kalmominta na ƙarshe. Ta kunna mini.

Muryar ta dushe, amma kowace kalma ta fito.

“Ƙarfe nawa yanzu? Ba wanda ya zo karɓar aiki. Ba na barin ɗaki sai an karɓe ni. Ku kira mini yarinyar nan, na gaji.”

A aikinmu, komai gajiyarka, ba ka barin marasa lafiya sai wanda zai canje ka ya iso ya ce ya karɓa. Abin da take jira ke nan. Da a ce na kira ranar nan a Mina na ce, “Na karɓa, Sista, je ki huta,” da ta kwanta da kanta.

Baturiyar na can tana jira, ina jin numfashinta, da alama ma da biro a hannunta. Ta tambaye ni me Sista ta ce. Na ce mata Sista ta ce ta gama aikinta, ta miƙa wa wata, za ta tafi gida. Ta yi kuka, ta ce haka za su rubuta a kan kabarin. Ta nemi in maimaita mata a hankali don kada ta yi kuskure, na maimaita.