Guntun Kirya a Injin Motar Baba

Cikin bazarar shekarar da na shiga aji biyar, wata ranar Asabar, motar Baba ta ƙi tashi a gefen hanya kusa da Dinawa. Daga Goronyo muka taso, an cika ta maƙil da buhunan albasa, masu albasar suna zaune a kai. Da azahar ta yi Baba ya kashe inji a gindin wani dogon yaro muka yi salla. Muka dawo, ya murza makulli, motar ta yi ta kuka amma ta ƙi kamawa. Ya buɗe murfin inji, warin mai ya buge mu, muna jin man yana tafasa cikin kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, kamar ruwan koko. Aka ba ni tsumma na jiƙa a buta ina ɗorawa a kai, yana bushewa ina sake jiƙawa. Albasa tana ta shan rana. Sai bayan la'asar ta tashi, kuma kafin mu isa kasuwa masu saye sun watse. Wani dattijo cikin manoman ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Malam Garba, ba don ba mu son ka ba, amma albasa ba ta jira. Za mu nemi wata mota."

Tsohuwar akori-kura ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ita ke ciyar da gidanmu a Wurno. Da sanyin safe ko da damina ba ta da matsala. Amma idan rana ta take, aka yi tafiya aka kashe ta, to sai ta huce don kanta. Har yaran makarantarmu suka sa mata suna Sai-ta-huce, in muna langa a fili wani ya ture ni, sai su ce a bar ni in huce kafin in tashi. Na sha dambe a kan sunan nan.

Gidanmu gidan sassaƙa ne. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, yana da rumfa a bayan rumbunan gero, inda yake sassaƙa turmi da akushi da ƙotar fartanya. Baba ne ya bar gizago ya kama tuƙi, ni kuwa sai na koma rumfar. In na dawo daga makaranta, na ɗebo wa Inna ruwa a rijiya, na zuba wa tumaki harawa, sai in je in zauna cikin ɓawon icce ina kallo. A can na fara da motar kara, na koma muciya da ludayi, har aka yarda in riƙe ƙaramin gizago. A lokacin hannun Baba Tsoho ya fara rawa, idonsa ma ya rage, don haka duk aikin da ke son a bi da shi a hankali ni yake miƙa wa. Yakan ce, "Kada ka yi gardama da icce, bi inda yab bi."

Bayan abin da ya faru a Dinawa, na ji Baba yana gaya wa Inna a tsakar gida cewa zai sayar da motar ya tafi kudu ya ja ta wani. Inna tana tankaɗe, ta daɗe tana kaɗa rariyar da babu sauran gari a ciki. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Washegari Baba ya shigo rumfar, abin da ba ya cika yi ba. Ya tsuguna ya gai da mahaifinsa, ya ce a wani gareji a Sakkwato ya ga wata tsohuwar mota da aka sa wa wani baƙin abu mai kauri tsakanin kafireto da inji. Makaniken ya gaya masa abin yana tare zafin inji kada ya hau ya tafasa mai. Ya nema ko'ina bai samu ba.

Baba Tsoho ya ce, "Da mi anka yi shi?"

"Ba ƙarhe na ba, Baba. Ban dai san ko mi ne na ba."

Tsohon ya ce, "Muciya na kwana cikin tukunya ba ta ƙone hannun mai tuƙi ba. Kawo ma'auni." Ya juya gare ni. "Ɗauko tsohon turmin nan na kirya."

Turmin ya daɗe da fashewa, ya bushe ƙayau, taurinsa kamar dutse. Baba ya kwance kafireto, ya ɗora gindinsa a kan kwali ya zana, ya nuna mini ramin tsakiya da ramukan noti. Baba Tsoho ya shafa iccen da yatsu ya nuna inda za a yanka, sauran aikin kuma nawa ne. Na yanka da zarto, na fafe tsakiya da wuƙa, na huda gefe da ƙarfen da aka sa a wuta. Na farkon da na yi ya yi kyau a ido, amma da aka ɗaura sai injin ya riƙa hauka yana zuƙar iska ta gefe, domin fuskar ba ta kwanta daidai ba. Na koma bayan rumbu na yi kuka. Baba Tsoho bai lallashe ni ba, sai ya aiko ƙanwata ta ce in zo akwai sauran turmi.

Na biyun na bi shi a hankali. Na shimfiɗa yashi mai laushi a kan simintin ɗakin Inna, ina goga iccen ina juyawa har tafin hannuna ya yi kanta. In na kai wa tsohon, sai ya shafa ya ce, "Da saura." Ranar da ya shafa bai ce komai ba, na san an gama. Wani makanike a bakin tasha ya samo dogayen noti, ya yanka kwali mai kauri ya sa sama da ƙasa, ya ɗaure.

Da tsakar rana muka gwada ta. Muka je Rabah da buhunan wake, Baba ya kashe ta a tasha cikin rana, muka sha fura. Direbobi suka taru suna jiran dariya. Da muka dawo ya yi bisimilla ya murza makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ya kashe, ya sake murzawa, ta sake tashi. Ya kama hannuna ya ɗora a kan kafireto, na ji ɗumi kawai, alhali injin da ke ƙasa ba ya taɓuwa. Wani direba ya leƙa ya ce, "Garba, ina kas samo wanga?" Baba ya jawo ni gabansa ya ce, "Ɗana yay yi shi. Jikan masassaƙi na."

Baba bai tafi kudu ba. Manoman albasa suka dawo ɗaya bayan ɗaya, motar ta rage shan mai, ta kuma fi jan kaya a hawa. Kafin damina ta faɗi, na sassaƙa wa wasu direbobin irinsa har turmin ya ƙare.

Yanzu motar da nake hawa ba ta da kafireto, in ta lalace na'ura ake jona mata ta faɗi ciwonta. Hanyoyin ƙauyukan Rabah da muke bi da buhuna ba fargaba, yau sai an tambayi labari kafin a kama su. Baba Tsoho ya rasu, Baba ya tsufa, inda rumfar take an gina shagon cajin waya. Yarana sun fi ni karatu, ina kuma gode wa Allah, amma in wani abu ya karye a gida tambayarsu ta farko ita ce ina ake sayar da sabo. Mu a lokacinmu, sai mu fara duba abin da ke tsakar gida.