Taraktar Baba da Daminar Fari

Da safiyar wata Laraba a daminar 1973 na tashi na tarar tsakar gidanmu a Toranke ta jiƙe sharkaf. Shi ne ruwan kirki na farko bayan doguwar jira, kuma ina 'yar aji uku a firamare. Inna na tsane dawa a bakin madafa, kaji na tono a gindin rumbu, ni kuwa na fita zaure da tsintsiya. A nan na hango Baba durƙushe a gefen taraktarsa a ƙarƙashin tsamiya, fetur na ɗiga daga cikinta yana yin tabo a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Tsohuwar tarakta ce mai shan fetur, ruwan toka, wadda ya saya a gwanjo bara waccan, bayan ya sayar da bijiman huɗarsa biyu. 'Yan'uwa sun yi ta hana shi, amma ya ce zai yi huɗar gonarsa da ta maƙwabta cikin kwanakin da shanu ke yin ta mutum ɗaya. A daminar farko ta fitar da shi kunya. Mu yara har carafke mukan bari mu bi ta a guje, mata na leƙowa ta saman danga.

Ran nan sai ta ƙi tashi. Ya murza hannun tayarwa har gumi ya jiƙa rigarsa, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta mutu. Ya kunce fulogogin injin ya gan su jiƙe da mai, ya goge, ya mayar, bai canza komai ba. "Uwata," ya ce da ni, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "mai ne ya yi mata yawa, ya shaƙe ta." Ya rufe famfon tanki, ya kwance kafireta mai ba injin mai, ya baje kayanta a kan faifan Inna. Ya fara zargin tsatsar tanki ce ta hana 'yar allurar da ke tare fetur rufewa, ya wanke ta, ya hura, ya ɗaura. Fetur ya ci gaba da kwarara. Da ya sake kwancewa sai ya ɗauko wani ɗan ƙoƙon tagulla rufaffe wanda aikinsa shi ne ya yi iyo a kan mai ya danne allurar. Ya girgiza shi a kunnensa, sannan a nawa. Na ji mai na motsi a ciki. Ya sa Inna ta kawo ruwan zafi, ya tsoma shi, sai ga kumfa ƙanana suna fitowa daga wata huda da ido ba ya gani.

A lokacin maƙwabta sun taru da iri a ƙwarya, suna jira. Baba ya ba su haƙuri, ya hau keke zuwa Ajingi neman mai liƙe hudar da dalma, bai samu ba, ya zarce Gaya. Mai liƙin da ke can ya yi tafiya, dole ya kwana ya jira shi. Mu kuwa ni da Inna da ƙannena muka kama sungumi da fartanya, muka shuka ɗan abin da ƙarfinmu ya kai. Da ya dawo ya ɗaura kayan, taraktar ta tashi da murzawa ɗaya, muryarta tas, babu ɗigo ko ɗaya. Sai dai rana ta riga ta shanye laimar. Garma ta shiga gona tana tayar da busassun hoge. Ya kashe injin a tsakiyar kunya, ya daɗe zaune a kai yana kallon gabas. Na miƙa masa fura, ya ce, "Kai wa ƙannenki."

Ruwa bai ƙara sauka da kirki ba. Geron da ya tsiro ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, har gonakin masu shanu ma, amma Baba bai daina cewa da bijimansa na nan da ya yi huɗa a ranar ba. Inna takan ce, "Malam, ba a jayayya da sama." Da kaka ya tafi cin rani Kano, ya yi dako, ya dawo da tari. Bai ga wata damina ba. Daga baya maƙera suka sayi taraktar, suka sassare ta, suka ƙera fartanyoyi.

Yanzu idan na je gida ganin jikoki, manyan taraktoci na haya ne ke huɗa, in ɗaya ta lalace a buga waya makaniki ya iso a babur kafin azahar. Nakan tsaya in kalle su, in tuna mutumin da ya yi ta taka keke shi kaɗai a kan yashi, ƙasa na bushewa a bayansa. Abin da hannu ke iya gyarawa Baba ya gyara, saura ba a hannunsa yake ba.